Tseren Na'urorin Lissafi, Daga Zamanin Ginin Bakolori Zuwa Yau

A shekarar 1974, lokacin da kamfanin Impresit na ƙasar Italiya ya fara aikin datse Gulbin Sakkwato a Bakolori, a can Amurka kamfanin Hewlett-Packard ya fito da wata 'yar na'ura mai suna HP-65. Girmanta bai wuce a jefa a aljihu ba, kuɗinta kuwa dala 795. Ita ce kalkuletar aljihu ta farko da mutum zai iya koya wa aiki. Zai jera mata umarni har guda 100, ya adana su a wani siririn kati mai maganaɗisu, gobe ya zura katin ta maimaita aikin ba sai ya sake bin maɓallai ɗaya bayan ɗaya ba. Shekara ɗaya bayan fitowarta, 'yan sama jannatin Amurka suka tafi da ita sararin samaniya a tafiyar da kumbon Apollo ya haɗu da kumbon Soyuz na Tarayyar Sobiyat.

Duk wanda ya san irin aikin da aka yi a Bakolori har zuwa 1978 zai gane dalilin da ya sa injiniyoyin wancan zamani suka yi wa irin wannan na'ura rububi. Awon tudu da kwari, gangaren kowace magudana, yawan ruwan da za ta ɗauka zuwa gonakin Mafara da Bakura da Maradun, a fili mai faɗin hekta 23,000 da aka tsara shayarwa: duk lissafi guda ne ake maimaitawa sau ɗaruruwa, lambobin kawai ke sauyawa. Safiyon da a da yake kwana yana buɗe littafin logaridam, yanzu sai ya rubuta ƙa'idar sau ɗaya ya riƙa zuba lambobi. Mutanen wannan yanki kuma ba sa buƙatar a gaya musu nauyin awon ƙasa, domin rikicin diyya da rabon filaye na Bakolori ne ya kai ga zubar da jini a watan Afrilun 1980.

Ba a daɗe ba kasuwa ta cika. Texas Instruments ya fito da SR-52 a 1975, sannan TI-59 a 1977, mai ɗaukar umarni har 960 a kan kusan dala 300. A 1979 HP ya mayar da martani da HP-41C mai rubuta haruffa a allonta, a daidai wannan lokaci kuma Casio na Japan ya shigo da FX-502P, ya biyo ta da FX-602P a 1981. Kowane kamfani yana yabon hajarsa a talla. Mai saye kuwa tambayarsa guda ce: idan na ba su aiki iri ɗaya, wacce za ta riga gamawa?

Kamfanoni ba su amsa wannan tambaya ba. Masu amfani da na'urorin ne suka amsa wa kansu. Tun a 1974 wani Ba'amurke, Richard Nelson, ya kafa ƙungiyar masu HP-65, wadda daga baya ta zama PPC, suna buga mujalla suna musayar dabaru. Gwajin da ya fi sauƙi a wancan lokaci shi ne a ce wa na'ura ta ƙara ɗaya a kan abin da ke allo, ta koma ta sake ƙarawa, a riƙe agogo minti ɗaya, a tsayar da ita a ga inda ta kai. Gwaji ne na gaskiya, amma gajere ne. Bai nuna komai ba sai saurin tarawa da saurin komawa farkon layi, alhali aikin safiyo cike yake da sin da cos da tan. Dokin da ya yi fice a sukuwar filin idi ba lalle ne ya kai Sakkwato da kaya ba.

Tun kafin a yi nisa da zancen sauri ma, wata matsala ta riga ta ja kunnen kowa. HP-35, kalkuletar kimiyya ta aljihu ta farko da ta fito a 1972 a kan dala 395, an gano tana da kuskure bayan an sayar da kusan 25,000. Idan aka ɗauki logaridam na 2.02 aka sake mayar da shi, sai ta ba da 2 maimakon 2.02. Kamfanin ya sanar da masu saye ya kuma yi tayin musanya musu. A ganina wannan ne ya sa gwaje-gwajen da suka biyo baya ba su tsaya ga duba agogo kaɗai ba, suna duba amsar ma.

Mafi shahara a cikinsu shi ne wanda Bill Savage ya tsara, aka buga a mujallar Dr. Dobb's Journal a 1983. Ana farawa da lamba ɗaya. A ninka ta da kanta a ɗauki tushenta, a ɗauki logaridam ɗinta a mayar, a ɗauki kishiyar tan a mayar, sannan a ƙara ɗaya. Kowane mataki yana warware na gabansa, don haka idan aka yi zagaye 2,499 ya kamata a tsaya cif a kan 2,500. Na'ura ba ta tsayawa cif. A kowane zagaye tana yanke wutsiyar lamba, 'yan kura-kuran nan suna taruwa, a ƙarshe a ga 2,499 da ɗigo da tara-tara, ko 2,500 da ɗan ɗori. Da gwaji guda an san tsawon lokacin da ta ɗauka, an kuma san nisan da ta kauce.

Akwai wani ɗan gwajin da bai buƙatar shirin umarni ko kaɗan. A sa na'ura a ma'aunin digiri, a ɗauki sin na 9, a ɗauki cos na amsar, a ɗauki tan, sannan a koma da baya ta kishiyoyinsu. Amsar gaskiya 9 ce. Tsofaffin HP masu lamba goma irin su HP-41C suna ba da 9.000417403, jerin HP-48 suna ba da 8.99999864267, Casio fx-991ES kuma tana ba da 9.000000007. A nan sai a yi hattara da saurin yanke hukunci. HP, da shawarar masanin lissafi William Kahan, ya zaɓi ya daidaita kowace amsa zuwa iyakar lambobin da ake gani a allo, wasu kamfanonin kuwa suna ɓoye ƙarin lambobi a ciki suna aiki da su. Don haka gwajin bai raba mai kyau da maras kyau kai tsaye. Abin da yake tonawa shi ne irin ƙwaƙwalwar da ke cikin kwanson, domin na'urori biyu masu ƙwaƙwalwa ɗaya amsa ɗaya suke bayarwa, ko da sunayen da ke goshinsu sun bambanta.

Gwajin da ya fi haɗa tsoho da sabo a ma'auni ɗaya kuwa ya girmi kalkuletar aljihu da shekara fiye da ɗari. A 1848 wani Bajamushe mai sha'awar wasan ces, Max Bezzel, ya jefa wata wasa ƙwaƙwalwa: allon ces yana da gidaje 64, takwas a tsaye takwas a kwance, yaya za a zaunar da sarauniyoyi takwas ba tare da ɗaya ta iya cin ɗaya ba? Sarauniya tana ci a tsaye, tana ci a kwance, tana ci a karkace. A 1850 Franz Nauck ya nuna cewa hanyoyi 92 ne. Na'ura ba ta hango amsa, lalube take yi. Ta ajiye sarauniya a layin farko, ta nemi gidan da ba a ci a layi na biyu, ta ci gaba haka. In ta iso layin da duk gidajensa a bakin wata sarauniya suke, sai ta ja da baya ta gusar da ta baya, ta sake gwadawa. A tsarin da masu gwada kalkuleta suka amince da shi, sai an yi ajiya 876 kafin a samu amsar farko. Idan na'ura ta gama ba ta nuna 876 ba, an san an yi kuskure wajen rubuta umarnin, ko an bi gajeriyar hanya, lokacinta kuma ba ya shiga lissafi.

Wannan sharaɗi shi ne gishirin gwajin. Ba a neman wanda ya fi wayon warware matsalar, ana so kowace na'ura ta bi turba ɗaya taki bayan taki. Aikin kuma ya ƙunshi abubuwan da shirin umarni na yau da kullum ke yi: kwatanta lambobi, adanawa, ɗaukowa, tsallakawa daga layi zuwa layi. Da aka jera sakamakon na'urori na shekaru arba'in, tazarar ta ba da mamaki. HP-15C ta asali, ta 1982, takan haura awa guda. FX-602P ta Casio, wadda ba ta kai takwarorinta na Amurka suna ba, ta riga HP-41C da TI-59 gamawa. HP Prime ta 2013 kuwa kafin ka ɗaga yatsa daga maɓalli ta gama.

Wani zai ce ai ba abin mamaki ba ne, ƙwaƙwalwa ce ta ƙara gudu. Haka ne, amma ba duka ba. Ƙwaƙwalwar HP-35 tana bugawa sau 200,000 a sakan. TI-81 da HP-48SX na 1990 suna buga miliyan 2, TI-84 Plus ta 2004 miliyan 15, HP Prime miliyan 400. Sai dai HP 50g ta 2006 ta nuna cewa yawan bugu ba shi ne komai ba. An sa mata ƙwaƙwalwar ARM mai bugu miliyan 75, amma maimakon a sake rubuta manhajarta, sai aka sa sabuwar ƙwaƙwalwar tana kwaikwayon tsohuwar mai suna Saturn, ƙarfi mai yawa yana tafiya a wajen kwaikwayon. Idan aka rubuta gwajin sarauniyoyi da harshen umarnin da ta zo da shi, sai ta wuce minti guda. Idan aka rubuta shi da harshen C aka miƙa wa ARM kai tsaye, ko sakan guda ba ta kaiwa. Na'ura ɗaya, batir ɗaya. Shi ya sa duk jadawalin gwaji na ƙwarai yake rubuta harshen da aka yi amfani da shi kusa da sunan na'ura.

Jinkirin tsofaffin ma ba gazawa ba ce zalla. An ƙera HP-15C da gangan ta riƙa tafiya a hankali domin ƙananan batiranta su yi shekaru ba a sauya ba, abin da duk mai aiki a daji nesa da wutar lantarki zai yaba. A 2011 HP ya sake fito da ita da kamanni ɗaya da maɓallai ɗaya, amma da ƙwaƙwalwar ARM, sai aikin awa ya koma ƙasa da minti. Saurin ya zo da nasa cikas, domin an samu kura-kurai a sabuwar manhajar, ciki har da na umarnin da ke sa ta ɗan dakata ta nuna amsa. A 2017 wani ƙaramin kamfani na Suwizalan, SwissMicros, ya fito da DM42 mai aiki da lambobi 34, kuma a shekarar ce NumWorks ta Faransa ta bayyana, wadda ake rubuta wa umarni da harshen Python.

A nan gida tarihin ya bi wata hanya dabam. Hukumomin WAEC da NECO ba su yarda a shiga ɗakin jarrabawa da kalkuletar da ake koya wa aiki ba, saboda ana iya cusa mata amsoshi, kuma hujjarsu tana da ƙarfi. Sai dai abin da ya biyo baya shi ne ɗalibai da yawa sun tashi suna ɗaukar irin wannan na'ura a matsayin kayan satar amsa kawai. Yaro zai gama sakandare, ya shiga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Abdu Gusau a Talata Mafara ko kwalejin aikin gona ta Bakura, bai taɓa rubuta wa na'ura umarni ko layi biyar ba. Haramcin ɗakin jarrabawa ya bi shi har aji, inda babu wanda ya haramta. Alhali Casio fx-5800P, da safiyoyi da injiniyoyin hanya suke riƙewa tun 2006, 'yar gida ɗaya ce da FX-602P, kuma aikin awon gona da magudana bai ƙare a Bakolori ba.

Ga kuma jabu da ya cika kasuwa. Ana sayar da kalkuleta mai sunan Casio a goshi, ciki kuwa wata ƙwaƙwalwa ce dabam, mai nawa ko mai kauce wa amsa. Gani ya kori ji: ɗalibi zai iya yin gwajin sin na 9 a gaban mai shago kafin ya miƙa kuɗi. fx-991ES ba a koya mata aiki, amma tana da maɓallin tara jerin lambobi, don haka za a iya ba na'urori biyu jimla guda mai tsawo, a danna su tare, a riƙe agogon waya a ga wadda ta riga.

Kirana ga malaman lissafi da na safiyo a Bakura da Mafara da Maradun shi ne su ware darasi guda a zango don wannan. Ko kalkuleta ɗaya mai karɓar umarni aka samu a makaranta ta isa, in babu kuma akwai manhajar Free42 da ake saukewa kyauta a waya, mai aiki kamar HP-42S. A zana allo mai gidaje 64, ɗalibai su fara zaunar da sarauniyoyin da tsakuwa, sannan su rubuta umarnin da hannunsu, su duba ko 876 ta fito, su rubuta sunan na'ura da harshen da lokacin da ta ɗauka.