Ƙaiƙayin Ido Mai Tsanani Ga Yara: Abin Da Ya Kamata Iyaye Su Sani

Cutar da likitoci ke kira VKC a taƙaice, kumburi ne na fatar ido da ke tasowa idan garkuwar jiki ta yi wa ƙura, garin furanni ko zafin rana mummunar tarba. Ta fi yawa a ƙasashe masu zafi da bushewar iska, shi ya sa yaran unguwanni irin su Hammadu Kafi a Gombe, inda hunturu ke zuwa da ƙura, bazara kuma da zafi, suke cikin waɗanda take iya kamawa. Takan fara kafin shekara 10, ta fi kama maza, kuma galibi tana lafawa bayan balaga.

Babbar alamarta ƙaiƙayi ne da ba ya barin yaro sakat, sai hawaye, gudun haske da kwantsa mai yauƙi. Farin idon kan rine ya koma ruwan ƙasa, har a riƙa zargin yaron da ƙazanta, alhali ba laifinsa ba ne. Ba Afolo ba ce: ba a ɗaukarta daga wani, don haka babu dalilin hana yaro zuwa makaranta.

Haɗarin yana ga baƙin ido. Ƙuraje kan fito a ƙarƙashin fatar ido ta sama, su riƙa gogarsa har ya yi gyambo, yawan murza ido kuma kan sa ya yi tsini, gani ya ragu. Amma ɓarnar da ta fi ban takaici daga magani take zuwa. Maganin ɗigawa mai sinadarin sitiroyid, irin su dexamethasone, yana kwantar da ƙaiƙayin nan da nan, sai iyaye su yi ta sayensa a kemis wata da watanni. Hakan na iya jawo yanar ido ko hawan jinin ido, kuma ganin da hawan jinin ido ya cinye ba ya dawowa.

Likitoci kan fara da olopatadine ko sodium cromoglicate, su ba da sitiroyid na ɗan lokaci suna auna ido, mai tsanani kuma a koma ga cyclosporine ko tacrolimus. A gida, tsumma mai tsabta da ruwan sanyi ya wadatar. Ruwan sukari, nono ko fitsari ba su da gurbi a ido. Yaron da ya kasa buɗe ido, ko aka ga farin tabo a baƙin idonsa, a garzaya da shi sashen ido na Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Gombe.