Tarago da Tasha: Yadda Jirgin Ƙasa Ya Raya Zariya, da Yadda Kwangila Ta Gaje Shi

Gabatarwa

Idan ana labarin jirgin ƙasa a ƙasarmu, galibi abu biyu ake faɗa: ranar da aka shimfiɗa dogo da ranar da babban mutum ya zo ya buɗe shi. Abin da ya biyo bayan bikin buɗewa ba kasafai ake waiwayarsa ba. Alhali kuwa rayuwar jirgi a kan ayyuka biyu marasa armashi ta dogara. Na farko rabon taragai, wato sanin wanda za a ba tarago, da tashar da za a kai masa, da ranar da zai iso. Na biyu kula da tasha da dogo kullum ta Allah. A wannan maƙala muna so mu bi tarihin waɗannan ayyuka biyu a Zariya, mu ga yadda suka tara wa garin jama'a da dukiya, da kuma yadda sakacinsu ya kwashe hada-hadar tafiya daga tashar jirgi ta Sabon Gari ya kai ta Kwangila, inda a yau motocin Kano da Kaduna da Funtuwa da Sakkwato ke haɗuwa.

Zuwan Diga

A shekarar 1907 gwamnatin Turawa ta Arewa, ƙarƙashin Gwamna Percy Girouard, ta fara shimfiɗa dogo daga Baro a bakin kogin Kwara zuwa Kano, tafiyar mil 356. Dogon ya ratsa ƙasar Zazzau, ya isa Kano a 1911. A 1912 aka haɗa shi a Minna da wanda ya taso daga Ikko, aka mayar da su hukuma ɗaya. Faɗin wannan dogo ƙafa 3 ne da inci 6. Mai karatu ya riƙe wannan awo, domin za mu dawo kansa.

Ba da inji aka yi aikin ba. Talakawa ne aka ɗebo ta hannun sarakuna da hakimai, kowace gunduma da yawan mutanen da aka yanka mata, suka sare daji, suka haƙa ƙasa da diga, suka ɗauke ta a kwando. Saboda haka ne kalmar "diga" ta zama sunan aikin baki ɗaya a bakin mutanen wancan zamani. Mu marubuta muna da rabo a wannan tarihi, domin Sarkin Zazzau Aliyu Ɗan Sidi, wanda ya hau gadon sarauta a 1903 kuma daga baya Turawa suka tuɓe shi suka kai shi Lakwaja, ya tsara Waƙar Diga a kan wannan aiki da aka yi a ƙasarsa, yana ji yana gani.

Jirgi bai shiga cikin ganuwa ba. An kafa tasha a arewa da birni, hayin kogin Kubanni. A gefenta Sabon Gari ya tsiro domin ma'aikatan reluwe da akawuna da 'yan kasuwa daga kudu, kantunan Turawa suka jeru kusa da dogo, sannan Tudun Wada ta tashi domin baƙi 'yan Arewa. Ke nan taswirar Zariya da muka sani a yau, tasha ce ta zana rabinta.

Dogo Biyu, Tasha Ɗaya

Abin da ya bambanta Zariya da sauran tashoshi shi ne ta zama mararraba. Kamfanonin haƙar kuza a tsaunukan Jos sun matsa wa gwamnati lamba, domin a ka ake ɗauko musu kuza, tafiyar kwanaki. Sai aka shimfiɗa musu ƙaramin dogo daga Zariya ta Rahama zuwa Jos da Bukuru, mil 143, aka gama a 1914. Don a rage kuɗi, aka yi faɗinsa ƙafa 2 da inci 6 kacal.

To, a nan gizo ya yi saƙa. Taragon ƙaramin dogo ba ya hawa babba, na babba kuma ba ya hawa ƙarami. Duk buhun kuzar da ya taso daga Bukuru, sai an sauke shi a Zariya, 'yan dako sun ɗauka sun zuba a wani tarago. Haka kayan injuna da abincin leburori masu tafiya Jos. Tilas tasha ɗaya ta riƙe taragai iri biyu, da kawunan jirgi iri biyu, da kayan gyara iri biyu. Idan babban tarago ya makara, kuza ta kwana a ƙasa. Idan ƙarami ya lalace, ba inda za a aro wani a faɗin ƙasar nan. Arahar da aka nema ranar gini, sai aka yi ta biyanta a kowace safiya. Da aka kai babban dogo Jos ta Kafanchan a 1927, kuza ta sauya hanya, ƙaramin jirgi ya koma jigilar fasinja da kayan gona, har aka rufe shi a 1957.

A 1929 aka gama reshe na biyu, wanda ya tashi daga Zariya ya bi ta Funtuwa da Gusau ya tsaya a Ƙaura Namoda. Shi ne dogon nan da ke bin gefen titin Samaru. Auduga da gyaɗa da shanu na ƙasar Katsina ta kudu da Zamfara duk ta nan suka riƙa gangarowa, kuma kamfanin auduga na BCGA ya kafa injunan gurza a Zariya da Funtuwa da Gusau, kowane a kusa da dogo.

Wa Za a Ba Tarago?

Tsohon dogon Najeriya tilo ne, wato jirgi mai hawa da mai gangara a layi ɗaya suke tafiya. Ba su iya wuce juna sai a tasha, inda aka yi ɗan reshe ɗaya ya raɓe. Direba ba ya barin tasha sai an miƙa masa alamar da ke nuna cewa hanya tasa ce shi kaɗai har tasha ta gaba. Saboda haka yawan jiragen da za su iya wucewa a yini ƙididdigagge ne, kuma kowane tarago da ya tsaya ba aiki asara ce ga wani.

Ga shi kuma kayan Arewa na lokaci ne. Gyaɗa da auduga da kaka suke zuwa, a tare, cikin 'yan watanni. Tun kakar 1912, da manoman Kano suka rungumi gyaɗa, jirgi ya kasa kwashe abin da aka saya, buhuna suka yi ta taruwa a kusa da tasha. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu abin ya fi muni, domin an gaji da kawunan jirgi da taragai a lokacin yaƙi ba tare da an sami sababbi ko kayan gyara ba. Dalar gyaɗa da muke alfahari da ita, wadda kowace kan ɗauki buhu kusan 15,000, tana da fuska biyu. Shaida ce ta ƙwazon manomi, kuma shaida ce ta ƙarancin tarago. Gyaɗa ce mai jiran jirgi, a lulluɓe da tamfol, wani lokaci har sabuwar kaka ta riske ta, ƙwari na ci.

A irin wannan hali, rabon tarago ya zama mulki. Taragon da aka aika Kano ko Nguru, Gusau ta rasa shi ke nan, kuma a mararraba irin Zariya ake raba hanya. Babban kamfani mai kanti da sito a bakin dogo yana iya jira. Falken goro da ya yi lodi a Agege ba ya iya jira, domin goro ba ya son zafi. Mai shanu ma haka, kowane kwana da dabba ta yi a tasha ƙiba ce ke zubewa. Akawun da ke riƙe da littafin taragai, albashinsa kaɗan ne, amma alƙalaminsa na iya azurta ɗan kasuwa ko ya karya shi.

Aikin da Ba a Gani

Jirgin wancan zamani da kwal da ruwa yake tafiya. Kwal daga Inugu ake kawo shi, wato shi ma yana cin nasa rabon taragai. Ruwa kuwa sai an tara shi a manyan tankuna a tashoshi, kuma da rani a Arewa wannan ba ƙaramin aiki ba ne. A loko, makanikai na kwashe toka, suna wanke tukunyar inji, suna duba birki da ƙafafu. A daji, an raba dogo gunduwa-gunduwa, kowace da helumanta da leburorinsa, suna bin layi a ƙafa, suna ɗaure kusoshi, suna cire ciyawa, suna yashe kwalbati kafin damina. Babu wanda ya taɓa yi musu biki. Amma da sun yi mako ɗaya ba su fita ba, da kowa ya ji a jikinsa, kamar yadda aka gani a yajin aikin gama-gari na 1945 da ma'aikatan reluwe ƙarƙashin Michael Imoudu suka yi wa jagora, wanda ya ɗauki fiye da kwana 40.

A 1955 aka mayar da sashen reluwe hukuma mai cin gashin kanta, kuma a shekarun nan ne injunan dizal suka fara maye gurbin masu kwal. A 1964, shekarar da dogo ya isa Maiduguri, jirgi ya ɗauki fasinja fiye da miliyan 11 da kaya kusan tan miliyan 3. Shekara goma bayan haka, fasinja sun koma kimanin miliyan 4, kaya kuma tan miliyan 1 da 'yan kai.

Me ya jawo? Dalilan suna da yawa. Rikicin 1966 da yaƙin basasa sun raba tashoshin Arewa da ƙwararrun ma'aikata masu ɗimbin yawa, suka kuma toshe layin Gabas. Farin 1973 da cutar da ta faɗa wa gyaɗa a 1975 sun kashe babban abin da jirgi ke ɗauka. Kuɗin man fetur kuma ya tafi ga tituna. Amma a ƙarƙashin wannan duka akwai ɗage gyara. Inji ya lalace, babu kayan gyara, sai a cire na ɗan'uwansa a sa masa, har a wayi gari loko ya zama maƙabartar injuna. Dogo ya yi rauni, sai a umarci direba ya rage gudu. Tafiya ta yi tsawo, tarago ya daɗe bai dawo ba, sai ƙarancin ya ninka. Ɗan kasuwa ya gaji, ya ɗauki kayansa ya nufi tashar mota.

An yi ta neman magani. Daga 1979 zuwa 1982 an damƙa gudanar da hukumar ga kamfanin RITES na Indiya, abubuwa suka ɗan farfaɗo. A 1986 aka kafa cibiyar koyar da fasahar sufuri ta ƙasa a nan Zariya. A 1995 aka ba kamfanin CCECC na Sin kwangilar gyaran dogo da kawo injuna. A ƙarshen 2012 aka sake tayar da jirgin Ikko zuwa Kano. Kowane yunƙuri ya zo da sababbin kaya, amma tsarin kula da su na yau da gobe bai zauna da gindinsa ba.

Haka Kwangila ta yi gado. Da aka yi babban titin Kaduna zuwa Kano aka ɗora masa gada a kan hanyar Sakkwato, sai mararraba ta tashi daga bakin dogo ta koma ƙarƙashin gada. 'Yan kamasho suka karɓi aikin akawun taragai, su ke cewa wace mota ce a layi. Masu abinci da 'yan dako suka bi jama'a. Tirela da tanka suka ɗauki nauyin da aka yi dogo dominsa, titi na farfashewa, rayuka na salwanta a haɗari. Sunan wurin ma abin lura ne, domin kwangila a Hausa aiki ne da ake bayarwa a yi, a biya, a watse.

Darasi Daga Waje

Kada mu ɗauka mu kaɗai wannan cuta ta kama. Birnin Niyok na Amurka ya buɗe jirginsa na ƙarƙashin ƙasa a 1904. Kamfanoni dabam-dabam ne suka haƙa hanyoyin, wasu da rami mai faɗi, wasu matsattse. Ko da aka haɗe su a hannun hukumar birni a 1940, ba a iya haɗe awonsu ba. Har yau taragai iri biyu suke da su, kuma mai faɗin ba ya shiga matsattsen rami, kamar dai abin da Zariya ta gani da kuzar Bukuru. A shekarun 1970, da birnin ya shiga matsin kuɗi, su ma gyara suka fara ɗagewa. Jirage suka riƙa mutuwa a hanya, tashoshi suka ƙazance, fasinja suka gudu. Daga 1982 suka fito da shiri na shekara biyar-biyar, wanda mafi yawan kuɗinsa gyaran tsohon abu ne, tarago bayan tarago, tasha bayan tasha. Da haka jirgin ya dawo hayyacinsa.

Kammalawa

A 2016 aka buɗe sabon dogo tsakanin Abuja da Kaduna, a 2021 kuma aka aza harsashin na Kaduna zuwa Kano, wanda aka tsara ya bi ta Zariya. Faɗinsa ƙafa 4 ne da inci 8 da rabi, ya fi tsohon. Ke nan an sake shirya wa garin nan zama da dogo biyu waɗanda taragansu ba sa hawa na juna. Tambayoyin 1914 suna nan: ina za a sauya kaya, wa zai raba taragai, da wane ma'auni, kuma wa zai yashe kwalbati bayan an watse daga biki?

'Yan'uwa marubuta, tsofaffin direbobi da helumomi da akawunan tasha suna nan a Sabon Gari da Tudun Wada, suna karɓar fansho, kuma kullum raguwa suke yi. A bakinsu akwai sunayen tashoshin da suka mutu, da kalmomin sana'a da ba su shiga ƙamus ba, da labarin yadda ake neman tarago a tsakiyar kaka. Sarki Aliyu ya rubuta wa zamaninsa zuwan diga. Abin da ya faru da dogon bayan haka yana jiran wanda zai je ya zauna da waɗannan dattawa da takarda da alƙalami. Allah Ya ba mu iko.