Sukuwa da Caca: Yadda Suka Rene Juna a Ingila

Mai karatu, in an ce sukuwa, wataƙila abin da ke faɗo maka a rai shi ne ƙura, kirari, da samari a kan dawaki bayan hawan Sallah. To a ƙasashen Turai labarin ya ɗan bambanta. A can, tseren dawaki da caca tare suka tashi, kuma mafi yawan dokokin da ake bi a filin tsere yau an kafa su ne don mai zuba kuɗi ya samu natsuwa. Bari mu bi tarihin daki-daki ka gani.

Abin ya kankama ne a Newmarket, wani ƙaramin gari a gabashin Ingila. Sarki Charles na Biyu mutum ne mai son dawaki ƙwarai, har shi da kansa ya hau ya ci tsere a can a 1671. A wancan zamanin tsere na masu sarauta ne da attajirai. Mutum biyu za su yi musu kan dokin wa ya fi gudu, kowa ya ajiye kuɗinsa, a saki dawakin, wanda ya ci ya kwashe. 'Yan kallo su ma sai su ƙulla tasu a gefe. Ka ga ke nan kyautar tseren ita kanta kuɗin caca ce tun asali.

Da kuɗi suka yi yawa, sai neman doki mai gudu ya zama sana'a. Aka shigo da ingarmu daga gabas ana haɗa su da goɗiyoyin Ingila. Uku daga cikinsu suka yi fice: Byerley Turk, da Darley Arabian wanda aka sayo daga Halab ta ƙasar Siriya a 1704, da Godolphin Arabian. Duk dokin tsere na jinsin nan da ake kira Thoroughbred, in ka bi salsalarsa ta wajen uba, ga ɗaya daga cikin ukun nan za ta kai ka.

Sai dai caca tana da buƙatu biyu, kuma su ne mabuɗin fahimtar sauran labarin. Na farko, kada a san wanda zai ci. Na biyu, a yarda cewa ba maguɗi.

Ɗauki ta farko. A 1764 aka haifi wani doki mai suna Eclipse, daga zuriyar Darley Arabian, wanda daga baya ya zama mallakar wani gogaggen ɗan caca, Dennis O'Kelly. Tsere 18 ya shiga, ba a taɓa cin sa ba ko sau ɗaya. Za ka ɗauka wannan abin murna ne, amma sai ya zama matsala: mutane suka daina kawo dawakinsu su kara da shi, kuma ba mai yarda ya zuba kuɗi a kan kishiyarsa. Dole aka janye shi daga fili aka mai da shi barga don haihuwa. Dokin da kullum shi ke ci, kashe kasuwa yake yi. Maganin da ya samu karɓuwa shi ne a ɗora wa dokin da ya fi ƙarfi ƙarin nauyi, ta hanyar sa dalma a ƙarƙashin sirdi, don a daidaita shi da sauran. A tsakiyar ƙarni na 19 Admiral Henry Rous ya tsara ma'aunin nauyi gwargwadon shekarun doki da tsawon fili, kuma har yau kan wannan tubalin ake gini.

Ta biyun kuwa, wato yarda, ita ta haifar da hukumomi. Wajajen 1750 aka kafa ƙungiyar Jockey Club don tsara dokoki da raba gardama. A 1791 James Weatherby ya fara fitar da kundin asalin dawaki, saboda a san wane ne uban wane, kuma yaushe aka haife shi. Me ya sa shekaru ke da muhimmanci haka? Abin da ya faru a 1844 zai ba ka amsa. Gasar Derby, wadda aka fara a 1780, ta dawaki 'yan shekara uku ce zalla. A wannan shekarar wani doki da aka shigar da sunan Running Rein ya zo na ɗaya. Ashe ɗan shekara huɗu ne mai suna Maccabeus. Tazarar shekara guda a doki ba wasa ba ce, kamar ka sa saurayi ne cikin tseren 'yan firamare. Lord George Bentinck ya bi diddigi har magana ta je kotu. Da alƙali ya ce a kawo dokin a duba haƙoransa, sai aka neme shi aka rasa. Aka ba Orlando, wanda ya zo na biyu, nasara. Haka kuma a 1903 Jockey Club ta haramta ɗura wa dawaki ƙwayoyi masu sa kuzari, abin da ya buɗe ƙofar gwajin yawun doki a ɗakin bincike.

Yanzu ga inda lissafi ya shigo. Da tsere ya tashi daga doki biyu ya koma goma ko ashirin, sai aka samu dillalai masu karɓar caca a kan kowane doki, kowanne da farashinsa. Ana danganta farkon wannan sana'a da wani Harry Ogden a Newmarket cikin shekarun 1790. Dabarar mai sauƙi ce. A ce dawaki huɗu ne masu ƙarfi ɗaya. Adalci shi ne in ka sa naira 100 dokinka ya ci, a ba ka 400. Dillali sai ya ce 350 zai bayar. In mutum huɗu suka sa ɗari-ɗari, kowa a kan doki dabam, ya karɓi 400, ya biya 350, ya soke 50 a aljihu, ko wane doki ne ya ci. Shi ba caca yake yi ba, kasuwanci yake yi. Kai ne mai cacar.

A 1867 wani mazaunin Paris, Joseph Oller, ya fito da wata hanyar: a tara kuɗin kowa a tukunya ɗaya, a cire la'ada, a raba ragowar ga waɗanda suka dace. Gwamnatoci suka so wannan tsari domin yana da sauƙin cire haraji, har Faransa ta mai da shi hanya ɗaya tilo da doka ta yarda da ita a 1891. Wahalar lissafa dubban tikiti kafin a saki dawaki ita ta sa injiniya George Julius ya ƙera wata katafariyar na'urar lissafi, aka kafa ta a filin Ellerslie na birnin Auckland a 1913, shekaru da dama kafin zuwan kwamfuta. Masu bincike ma sun samu abin nazari a nan. A 1949 masanin halayyar ɗan Adam Richard Griffith ya duba alƙaluman tsere a Amurka, ya gano cewa mutane na zuba kuɗi fiye da kima a kan dokin da da wuya ya ci, saboda kwaɗayin babbar riba. An sake gwada wannan a ƙasashe da yawa, kuma sakamakon yakan fito iri ɗaya.

To, sukuwar za ta iya rayuwa ba caca? Jihar New York ta gwada. A 1908 ta kafa dokar hana caca a filayen tsere, ta ƙara tsaurara ta bayan shekara biyu. Filayen jihar suka rufe, har shahararriyar gasar Belmont ba a yi ta ba a 1911 da 1912. Ingila kuwa ta hana gidajen caca a 1853, amma dokar a kan talaka ta ƙare: mai kuɗi na yin tasa a kan bashi cikin kulob, leburan masana'anta na miƙa wa yaran dillalai 'yan sulallansu a lungu suna tsoron ɗan sanda. A 1961 aka halatta shagunan caca, aka kuma kafa hukumar da ke karɓar wani kaso daga ribar dillalai tana zubawa a kyaututtukan tsere da binciken lafiyar dawaki. Wannan kaso yau kashi 10 cikin 100 ne. Hausawa na cewa kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, shi ya sa ake jera lokutan tsere yadda zai dace da shagunan caca, kuma duk sanda gwamnati ta yi maganar taƙaita caca don kare waɗanda ta zame wa jaraba, masu dawaki na cikin sahun farko na masu kuka.

Akwai inda aka bi wata hanya. Gasar Dubai da aka fara a 1996, da ta Saudiyya da aka fara a 2020 da kyautar dala miliyan 20, ba a caca a filayensu. Masu mulki da kamfanoni ke ɗaukar nauyi. Duk da haka, daga ƙasashen waje ana zuba kuɗi a kan waɗannan tsere ɗin. Wato dai dole wani ya biya kuɗin dawa da barga da likita, in ba ɗan caca ba, to mai arziki.

Labarin bai tsaya a Turai ba. Turawan mulkin mallaka sun bar mana filayen tsere, irin Filin Sukuwa na Kano da wanda ya koma Dandalin Tafawa Balewa a Legas. A Nijar kuwa, rumfunan PMU na sayar da tikiti kan dawakin da ke gudu a Faransa, tsarin nan na Oller ne bai canja ba. Cacar ƙwallo da ta cika wayoyin matasa a yau ita ma lissafin Ogden ta gada. Saboda haka in ka ga farashi a allon waya, kafin komai ka tambayi kanka: ina naira 50 ɗin nan ta dillali take ɓoye? Tana nan, an cire ta tun kafin a busa usur.