Yadda aka koyi ta da kwamfutar da BIOS ɗinta ya lalace

Wannan makon za mu waiwayi tarihin wata matsala da ta sa mutane da dama jingine tsohuwar kwamfutarsu: ana cikin sabunta BIOS aka ɗauke wuta, ko aka loda fayil ɗin da ba nata ba. Daga nan in an kunna, fanka na juyawa, allo kuwa baƙi ƙirin.

BIOS ita ce 'yar manhajar da ke cikin wani ƙaramin cif a jikin babban allon kwamfuta, wanda masu gyara ke kira madabod. Ita ke fara tashi, ta duba kayan ciki, sannan ta miƙa ragama ga Windows. Gary Kildall ne ya fara amfani da sunan a 1975, kuma lokacin da IBM ta fito da kwamfutarta a 1981, cif ɗin ba ya karɓar sabon rubutu. Mai son sabuntawa sai dai ya cire shi ya sa wani.

A tsakiyar shekarun 1990 kamfanoni suka koma cif irin na filasha, wanda ake gogewa a sake rubutawa yana maƙale a wurinsa. Sauƙi ya samu, haɗari ma ya biyo baya, domin duk abin da ya katse rubutun zai bar kwamfuta ba ta san yadda za ta tashi ba. Duniya ta ga girman haɗarin ranar 26 ga Afrilu, 1999. A ranar ce ƙwayar cutar CIH, wadda wani ɗalibi a Taiwan mai suna Chen Ing-hau ya rubuta, ta tashi a kwamfutoci masu Windows 95 da 98, ta lalata bayanan had dis, ta kuma goge BIOS ɗin wasu allunan.

Mafita ta farko ita ce wani ɗan sashe na cif ɗin da ba a cika taɓawa ba yayin sabuntawa. Ko sauran ya lalace, shi yana iya karanta faifan fulofi. A allunan da ke da BIOS na AMI, sai a sa wa fayil ɗin suna AMIBOOT.ROM, a kunna ana danne da Ctrl da Home, ta rubuta kanta ko da allo bai nuna komai ba.

In wannan sashen ma ya tafi, masu ƙarfin hali kan nemo lafiyayyen allo iri ɗaya, su kunna shi, su zare cif ɗinsa yana aiki, su cusa mataccen su rubuta shi. Dabarar na ci ne saboda an riga an kwafe BIOS zuwa RAM, amma hannu na ɗan karkacewa an yi asarar allo biyu. A 1999 Gigabyte ta fito da DualBIOS, wato cif biyu, ɗaya ya lalace ɗayan ya gyara shi.

Yau aikin ya fi sauƙi. Da 'yar na'ura mai araha irin CH341A, mai gyara zai iya rubuta cif ɗin kai tsaye, kamar yadda ake yi wa waya filashin. Don haka kafin ka sayar wa 'yan gwangwan da tsohuwar kwamfutarka, nemo ainihin lambar allonta da fayil ɗin da ya dace, ka kai wa wanda ya iya. In kuma tana aiki lafiya, kada ka taɓa BIOS sai da dalili, kuma sai kana da tabbacin wuta.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.