Gyaran gida: yadda za a toshe kafofin iska ba tare da an shaƙe ɗaki ba

A ƙauyukanmu na Maradi, Damagaram da Tawa, gidajen laka da yawa sun koma rufin kwano. Sau da yawa kuɗin gyaran daga ƴan uwa da ke Libiya, Aljeriya, Abijan ko Najeriya suke zuwa. Sai dai bayan an gama aiki, mai gida ya kan tarar da ƙura tana shiga kamar ba a rufe ɗakin ba. Dalili shi ne ƙananan kafofin da magini ya bari.

Ina iska ke bi?

Wuri na farko shi ne tsakanin kan bango da kwano. Kwano mai kwari-kwari ne, ba ya kwanta daidai a kan bango, don haka kowane kwari ƙofa ce. Sai gefen ƙofa da taga na ƙarfe, inda siminti ya haɗu da laka ya tsage. Sai ƙarƙashin ƙofa, da ramukan da aka huda don wayar wuta ko bututun ruwa.

Ta waɗannan kafofi ƙurar hunturu ke shiga daga watan Nuwamba zuwa Maris, lokacin da tari da mura suka fi yawa. A watan Afrilu da Mayu kuma, lokacin da zafi ke wuce digiri 40, iska mai zafi ce ke kutsawa. Da damina kuwa, sauron da ke kawo zazzaɓin cizon sauro ya fi son shiga ta wannan giɓi na ƙarƙashin rufi.

Yadda za ku gano su

Da tsakar rana ku rufe ƙofa da taga, ku tsaya cikin ɗaki. Duk inda kuka ga haske, nan iska ke bi. Ko ku kunna turaren tsinke ku bi gefen bango da taga: inda hayaƙin ya karkata, akwai kafa.

Yadda za a toshe

Giɓin ƙarƙashin kwano a cike shi da laka mai haɗe da ciyawa. Kada a lafta siminti kai tsaye a bangon laka, domin ba sa riƙe juna. Siminti ya kan ɓalle, ruwa ya maƙale a bayansa ya ci bangon. Gefen taga da ƙofa a sa mastik ko silikon. Ƙarƙashin ƙofa kuwa, a yanka robar tsohuwar taya a kafa ta da ƙusa ta riƙa share ƙasa. Wanda ke da hali ya sa plafon, domin shi ke tare zafin kwano da ƙurar da ta samu shiga sama.

Amma a kiyaye

Ɗaki sai ya yi numfashi. Abin da ake so shi ne iska ta shiga ta inda mai gida ya zaɓa, a lokacin da ya so. Don haka a bar taga biyu masu fuskantar juna, ko ƙaramar kafa a saman bango, a sa musu raga mai hana sauro. Da dare in iska ta yi sanyi a buɗe, da rana in ƙura ta taso a rufe.

Babban haɗari yana lokacin ɗari. Kaskon gawayi a ɗakin da aka toshe yana fitar da wata iska mai guba da ba ta da wari ba ta da launi. Tana fara wa mutum da ciwon kai, jiri da tashin zuciya, kuma tana iya kashe mai barci. Kada a kwana da garwashi a ɗaki, kada a kunna janareta a ciki, kada a dafa da gas ƙofa a rufe. In wani ya ji waɗannan alamu, a fito da kowa waje nan take, a kai shi CSI mafi kusa.

Ku da ke aiko da kuɗin gyara daga waje, ku tambayi magini abu biyu kafin ku biya: ya cike ƙarƙashin kwano? Ya bar taga mai raga? Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya.