Trovan: Takardar Izinin da Ta Zo Bayan Aikin Gama Ya Gama

A watan Afrilun 2026 gwajin Trovan a Kano ke cika shekara 30. Duk sanda aka tayar da zancen, kan yaran da suka rasu da kuɗin diyya ake tsayawa. Ni kuwa wata takarda ce ta fi tsaya mini a rai, domin ita ta nuna halin da ƙasa ke shiga idan ba ta da kuɗin yin binciken lafiya da kanta, balle na ɗaukar masu sa ido a kan binciken da baƙi suka kawo.

A bazarar 1996 sanƙarau ya kashe mutum kusan 12,000 a Najeriya, ga ƙyanda da kwalara suna tasu ɓarnar. Asibitin Zana da ke Kano ya cika ya batse, likitocin ƙungiyar agaji ta MSF na ta fama da marasa lafiya. Ana cikin haka tawagar kamfanin Pfizer ta sauka daga Amurka da sabon maganinta, Trovan. Aka ware yara kusan 200, rabi aka ba su Trovan, rabi aka yi musu allurar ceftriaxone, ita ma ƙasa da ma'aunin da aka saba bayarwa. Yara 11 suka rasu, biyar a ɓangaren Trovan, shida a ɗaya ɓangaren, wasu kuma suka tashi da kurumta ko shanyewar jiki. Cikin 'yan makonni baƙin suka tattara nasu ya nasu, annoba na tsakar ci.

Kamfanin ya daɗe yana cewa ceto ya zo yi. A faɗarsa, ma'aikatan jinya sun yi wa iyaye bayani da Hausa, iyayen kuma sun amince da baki, mace-macen da naƙasar kuwa aikin sanƙarau ne. Iyayen da suka kai ƙara suka ce ba wanda ya gaya musu gwaji ake yi, ko ya sanar da su cewa a harabar asibitin akwai maganin da aka riga aka sani, kyauta.

Ko da mutum ya rasa wa zai gaskata, takardar ta isa ta raba gardama. Ƙa'ida ce kafin a gwada magani a jikin mutum sai wani kwamiti ya duba tsarin ya sa hannu. Pfizer ya gabatar da wasiƙa mai ɗauke da sunan Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, da kwanan watan Maris 1996, wadda ke cewa kwamitin ɗa'ar bincike ya amince. Bayan jaridar Washington Post ta tona labarin a ƙarshen 2000, shugaban asibitin, Dakta Sadiq Wali, ya bayyana cewa a lokacin gwajin asibitin ba shi ma da irin wannan kwamiti. Daga baya aka rubuta wasiƙar, aka maido kwanan wata baya. Kwamitin da gwamnatin tarayya ta kafa ƙarƙashin Dakta Abdulsalami Nasidi ya gama aikinsa a 2001, ya ce gwajin haramtacce ne na maganin da ba a yi wa rajista ba. Na fi yarda da Nasidi. Wanda ya tabbata ya bi ƙa'ida ba ya bukatar izinin kwamitin da babu shi. Abin takaicin shi ne rahoton nan a aljihun tebur ya kwana har 2006, sannan ma jaridar waje ce ta fito da shi.

Sauran labarin sananne ne. A 1999 aka taƙaita amfani da Trovan a Amurka saboda lalata hanta. A 2003 sunansa na bakin masu ƙin allurar shan inna. A 2009 kamfanin ya sasanta da gwamnatin Kano kan dala miliyan 75 ba tare da amsa laifi ba, sai a 2011 iyalai huɗu na farko suka karɓi dala 175,000 kowannensu, bayan gwajin ƙwayoyin halitta.

Tun 1990 wata hukumar ƙasa da ƙasa ta shawarci ƙasashe masu tasowa su riƙa ware kashi 2 cikin ɗari na kuɗin lafiyarsu domin bincike. Da an ji wannan shawara, da wataƙila a 1996 an samu mutanen da aikinsu ke nan su ce a dakata. Sai a 2007 Najeriya ta fitar da kundin ɗa'ar binciken lafiya na ƙasa, a hannun kwamitin da Farfesa Clement Adebamowo ya jagoranta. Aikin ya yi kyau, amma shirin horar da ƙwararrun da Adebamowo ya kafa a Ibadan da tallafin cibiyar Fogarty ta gwamnatin Amurka ya tashi, kuma wannan dogaro da aljihun waje yana damuna har yau.