Bayani: Abin da ke rikita lokutan danja idan ana aikin hanya a cikin garin Bauchi

Fitilar ba da hannu, wadda aka fi sani da danja, ba ta ganin titi. Lissafi take bi, wanda injiniya ya ɗora mata bisa faɗin hanya da yawan ababen hawan da aka ƙidaya lokacin kafa ta. Da zarar ɗan kwangila ya toshe layi ɗaya ko ya karkatar da motoci, wannan lissafi ya tashi daga aiki, ko da fitilar tana ci gaba da haskawa.

Batun ya shafi Bauchi kai tsaye. A wa'adi na biyu na Gwamna Bala Abdulkadir Mohammed, wanda ya fara ranar 29 ga Mayu, 2023, gwamnatin jihar ta shiga gina gadojin sama a shataletalen Wunti da na Babbar Kasuwa. Rufe irin waɗannan mahaɗu ba ya rage yawan motoci. Tura su yake yi zuwa wasu tituna. Yankin Kasuwar Muda Lawal kuwa dama ba ya rabuwa da hada-hada, saboda manyan motocin da ke sauke kayan gwari da na marmari, da tashar mota, da Keke Napep da ke tsayawa ɗaukar fasinja a bakin titi.

Yadda lissafin yake

Zagaye ɗaya na danja, wato daga kore zuwa dawowar kore, yakan ɗauki daƙiƙa 60 zuwa 120. Injiniyoyi na ƙiyasta cewa layi ɗaya yana sallamar ƙaramar mota ɗaya a kowace daƙiƙa 2, kimanin 1,800 ke nan a awa guda ta kore. Hanyar raba lokaci da aka fi koyarwa ita ce wadda F. V. Webster ya wallafa a Ingila a 1958, kuma ginshiƙinta shi ne a ba kowane ɓangare kore gwargwadon nauyin da yake ɗauka.

A ɗauki misalin titi mai layi 2 da ke samun koren daƙiƙa 30 a zagayen daƙiƙa 90. Zai sallami motoci kusan 30. Idan aka toshe layi ɗaya, 15 kawai za su wuce. In motoci 25 ne ke isowa a kowane zagaye, 10 za su riƙa saura. Cikin awa guda sun zama 400, jerin da zai haura kilomita 2. Babu abin da ya lalace a jikin fitilar. Titin da aka yi mata lissafi a kansa ne ya canza.

Inda masu zuwa da masu dawowa ke karɓa-karɓa a layi ɗaya, hatsarin ya fi girma. Motar da ke tafiyar kilomita 20 a awa tana buƙatar daƙiƙa 36 kafin ta fita daga shingen mita 200. Dole ɓangarorin biyu su zauna a ja tsawon wannan lokaci. Idan aka gajarta shi, sai a yi gaba da gaba. Idan ya yi tsawo fiye da kima, direbobi su zaci danjar ta mutu su kutsa. Haƙa ma yana yanke wayoyin da ke ƙarƙashin kwalta, ƙura kuma tana rufe farantan sola a inda da su fitilar ke aiki.

Wa ke da alhaki?

A nan ne lamarin ya fi sarƙewa. Jadawali na Huɗu na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya ɗora wa ƙananan hukumomi kula da kasuwanni da tashoshin mota da titunan cikin gari da fitilunsu. A aikace, manyan ayyukan babban birnin jiha suna hannun Ma'aikatar Ayyuka ta jihar, yayin da hanyoyin da suka nufi Jos da Gombe da Maiduguri na Gwamnatin Tarayya ne. Tsare doka a titi kuma ya rabu tsakanin 'yan sanda, da Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, FRSC, da aka kafa a 1988, da hukumar kula da zirga-zirga ta jihar, BAROTA.

Matakin da hukumomi suka fi saurin ɗauka a biranen Arewa shi ne tura jami'ai su ba da hannu, kamar yadda KAROTA ke yi a Kano. Yana da amfani, domin jami'i yana ganin abin da akwatin danja ba ya gani. Amma idan hannunsa ya ce a wuce alhali fitila tana ja, direba yana koyon cewa jan ba dole ba ne, kuma wannan ɗabi'a takan daɗe bayan an kwashe shingaye. Ya fi dacewa a kashe fitilar a lokacin da jami'i ke aiki.

Abin da ƙa'idar aikin injiniya ta tanada shi ne a sanya tsarin karkatar da motoci cikin takardar kwangila tun farko, a sake ƙidaya motoci a kowane mataki na aikin, sannan a sauya lokutan danja a mahaɗun da nauyi ya koma kansu, ba a wurin aikin kaɗai ba. Ga kasuwa irin Muda Lawal, akwai abin da ƙaramar hukuma da shugabannin 'yan kasuwa da ƙungiyar direbobi ta NURTW za su iya yi ba tare da taɓa danja ba: tsayar da lokacin sauke kaya da asuba, kafin fitowar ma'aikata da 'yan makaranta, da hana lodi kusa da bakin mahaɗa.